Malama Zipporah da Ajin da Ake Tashi wa Suna

Shekara talatin da uku ke nan, idan ƙarfe shida da rabi na safe ta yi, wata gajeruwar mata takan fito daga wani ɗan gida mai jan ƙyaure a Takur, ta kulle, ta ja kwaɗon sau biyu don ta tabbata ya kama, sannan ta kamo hanyar Yalwawa. Kafin nan ta riga ta karanta Littafi Mai Tsarki, ta share tsakar gida, ta ba tumatirin da take shukawa a tsofaffin bokitai ruwa. A kafaɗarta akwai baƙar jaka, a cikin jakar akwai jan biro biyu da gwangwanin madara cike da alli, domin ba ta yarda da allin makaranta ba, wai ya cika gari. Tana tafe tana gaisuwa. Maijidda mai ƙosai tana da tata gaisuwar, masu faci suna da tasu, kuma ba ta wuce mutum da "sannu" kawai, sai ta kira sunansa. 'Yan acaɓa sun gaji da yi mata tayi. Ta ce ƙafar da ba ta taka ƙasa da safe ba, ba za ta iya tsayuwa a gaban yara saba'in ba.

Sunanta Malama Zipporah Dung, malamar Turanci ta aji huɗu a wata firamaren gwamnati da ke Yalwawa. 'Yar Filato ce. Ta zo Dutse a shekarar 1992, jihar tana jaririya, tare da mijinta Reuben wanda aikin gwamnati ya kawo, kuma a nan ya rasu aka binne shi. A unguwa Maman Becky ake ce mata. Mu da muka zauna a gabanta kuwa Malama kawai muke cewa, kuma in ɗalibinta ya ce Malama bai ƙara komai ba, an san wadda yake nufi. Hausarta har yau irin ta 'yan Filato ce. Duk ruwan Dutsen da ta sha, in na shiga gidanta sai ta ce, "A'a, Munira ya zo!" Na gaji da gyara mata. Ta ce ita Turanci aka ɗauke ta ta koyar kuma ta koyar, Hausa kuwa mu ne muka kasa namu aikin.

Na ɗauki alƙalami ne domin a watan Yulin bana saura ƙiris matar nan ta bar garin nan tana zaton ba ta bar komai a cikinsa ba sai kabarin mijinta. Kuma da yatsuna aka buga takardar da ta sa ta wannan zaton. Amma bari in fara daga ajin.

Turanci yana da wata al'ada da ta sha ba 'ya'yan Hausawa wahala, wato sanin inda ake sa babban harafi da inda ake sa ƙarami. Mu da muka fara da karatun allo mun saba da rubutun da babu babba babu ƙarami, kowane harafi da tsayin da aka san shi da shi. Sai ga boko ya zo da haruffa masu wa da ƙani. Wasu malaman dokokin suke jerawa, a haddace, a sha bulala, a manta kafin hutu. Malama ba ta taɓa jera mana doka ba. Ta ce babban harafi ba ado ba ne, tashi tsaye ne. Yadda aji yake miƙewa in malami ya shigo, haka alƙalami yake miƙewa in ya zo kan abin da ya cancanta.

Sai ta rubuta jimla a allo, ta ɗauki tsinken darbejiya tana bin kalmomin a hankali, mu kuma muna karantawa tare. Duk inda ya kamata a ce akwai babban harafi, sai ajin gaba ɗaya ya tashi, ya koma ya zauna. Farkon jimla a tashi, domin shi ne sallama. Sunan mutum a tashi. Sunan gari, da ƙasa, da kogi, a tashi. Litinin da Janairu a tashi, amma damina da rani ba a tashi musu, kuma kada ka tambaye ta dalili, za ta ce ka je ka tambayi Bature. Sunan harshe da na ƙabila a tashi. Sunan Allah kuwa har ita kanta takan miƙe in tana zaune, Musulmi da Kirista duk a tsaye. Wanda ya tashi a inda ba a tashi, sai ya tsinci kansa shi kaɗai a tsaye kamar turke, aji na dariya. Wannan dariyar ce kaɗai bulalar da ke ajin. Malaman da ke maƙwabtaka da mu sun sha kai ƙara cewa ƙarar bencinmu tana hana su aiki.

Kalma ɗaya ta ware. Bature in zai ce "ni", harafi ɗaya tak yake rubutawa, kuma kullum babba ne ko da a tsakiyar magana, alhali in zai ce "kai" ko "ke" da ƙanana yake rubutawa. Wani ɗan ajinmu mai suna Misbahu, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ɗaga hannu.

"Malama, wannan ba girman kai ba ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Yaren su ne, dokan su ne. Ku rubuta shi babba, in ba haka ba jan biro na zai ci ku. Amma kar kowa ya tashi. Ba a tashi wa kai."

A shekarar 1999 na shiga ajinta, ina 'yar shekara goma. Daga Kafin Kwaɗo aka kawo ni, wani ƙauye mai gida arba'in, domin makarantarmu a aji uku ta tsaya. Aka sauke ni a gidan Gwaggo Hassana, ƙanwar mahaifina, a Yalwawa. Ranar da 'yan birni suka ji sunan garinmu na shiga uku. Duk inda na gifta sai an yi mini kukan kwaɗo. A satin farko Malama ta ce kowa ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinsu da Turanci. Na rubuta nawa daidai, na mahaifina da na garinmu kuwa na cusa su can ƙasan takarda da ƙananan haruffa, kamar tururuwa ta bi ta wurin. Da aka fita tara ta kira ni.

"Wa ya gaya maka garin ku ƙarami ne?"

"Gida arba'in ne kawai, Malama."

"Landan da Kafin Kwaɗo harafi ɗaya ake ba su. Baturen da ya yi dokan bai ce sai gari mai bene ba."

Na ce to, amma ban yarda ba. Ita ba a yi mata kukan kwaɗo. Na aika wa mahaifina ta bakin masu zuwa kasuwa cewa ya zo ya ɗauke ni, na yafe bokon.

Ya zo kuwa, wata safiya muna tsakiyar darasi, a kan kekensa, da malfa da takalmin taya da rigar da ya baro gona da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama can ƙasa-ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya yafe mini, a ranar kunyar ubana na ji. Malama ta fita ta gaishe shi, ya faɗa mata abin da ya kawo shi, ta tambayi sunansa.

"Jaji, ranki ya daɗe."

"To Baba, ba a cire yaro a tsakiyan darasi. Ka shigo ka tsaya a inuwa mu gama."

Ya shigo ya rakuɓe a jikin ƙofa. Ta goge allo, ta rubuta sabuwar jimla da Turanci, wadda ma'anarta ita ce Malam Jaji manomi ne daga Kafin Kwaɗo, shi yake noma geron da Dutse take ci. Ta ɗora tsinken a kan sunansa. Yara saba'in suka miƙe lokaci ɗaya, benci ya yi ƙara.

Mahaifina ya waiwaya da sauri. A iya saninsa ba a tashi sai ga hakimi ko wani babban ma'aikaci, don haka ya ɗauka wani babba ne ya shigo ta bayansa shi kuma ya tare masa hanya. Ya yi tsalle gefe, ya tuɓe takalma, ya cire malfa, ya durƙusa yana kallon ƙofa. Babu kowa a ƙofar sai kekensa. Ko Misbahu bai yi dariya ba.

"Baba, babu kowa a bayan ka," in ji Malama. "Kai ne."

"Ni? Me na yi, ranki ya daɗe?"

"Ba ka yi komai ba. Sunan ka ne a allo."

Ta ci gaba da bin jimlar. Da ta zo kan Kafin Kwaɗo aka sake tashi, har da waɗanda suka fi kowa iya kukan kwaɗon. Ta ce 'yan bencin baya sun makara, a sake. Aka sake. Ta ce har yanzu ba ta gamsu ba. Sau uku aka tashi wa garinmu a safiyar nan, kuma na san sarai babu wanda ya makara. Da aka gama, mahaifina ya roƙi a nuna masa wanne ne sunansa a cikin rubutun. Ta nuna masa. Ya sa yatsa ya bi dogon harafin farko daga sama har ƙasa, alli ya manne masa a yatsa. Na bi shi waje da jakata a hannu. Ya daɗe yana gyara sarƙar keken da babu abin da ya same ta, sannan ya ce, "Munira, shekarata arba'in da biyar, ko ranar ɗaurin aurena ba a tashi mini ba. Koma ciki."

Na koma. Daga shekarar nan duk kaka sai ya ɗauro damin gero a bayan keke ya kawo mata. Ita kuma sai ta kai a surfe a niƙa, ta dama kunu a babbar tukunya ta kawo wa ajin, ta ce geron Malam Jaji ne, a tashi.

Malama, ke ce kika riƙe ni a makaranta ba tare da kin roƙi kowa ba. Ba ki yi wa yaran faɗa ba, ba ki yi wa ubana wa'azin amfanin ilimi ba. Alli guntu ɗaya kika kashe.

Misbahu mai bakin nan shi ma malami ya zama, kuma a makarantar aka ajiye shi, yanzu ma shi ne hedimasta. Shi ya ba ni labarin wani mai duba makarantu da ya zo musu shekarun baya, da babbar riga da rakiya. Ya ji labarin ajin da ake tashi da zama, ya ce zai gani da idonsa. Ya karɓi alli ya rubuta da kansa cewa mai duba makarantu ya ziyarci makarantarmu yau, ya zabga wa muƙamin nasa manyan haruffa, ya koma gefe yana gyara hula. Yara suka tashi a farkon jimla, suka zauna. Da aka zo kan muƙamin babu wanda ya motsa. Ya ce a sake. Aka sake, ko benci bai yi ƙara ba. Misbahu ya ce shi dai a lokacin ya fara tunanin wane ƙauye za a jefa su.

Malama ta ɗan rusuna ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, haka na koya musu. Muƙami riga ne, in babu sunan mutum a ciki ba mu tashi masa. Ka ba mu sunan ka, za su tashi maka ko sau goma ne."

Ya ba da sunan a fusace, yara suka tashi. Ya koma ofis ya rubuta rahoto cewa malamar aji huɗu tana ɓata lokacin darasi da motsa jiki. Da aka dawo hutu kuma sai ga direbansa ya kawo 'yarsa, da saƙon cewa lallai a sa ta a ajin malamar nan mai motsa jiki.

Ni kuwa sakatariya na zama a wani ofishin ilimi a nan Dutse, kuma abin da Malama ta koya mana shi nake ci har yau. Na yi aiki da ogan da in ya ba ni takarda, duk kalmar da ta shafe shi babba ce, har kujerarsa da motarsa, sunan masinja kuwa ko oho. Nakan gyara in yi shiru. Har yanzu in na zo kan sunan mutum a kwamfuta sai na ji gwiwata ta ɗan motsa a ƙarƙashin tebur.

A ƙarshen watan Yuni aka ba ni jerin sunayen malaman da za su yi ritaya bana, waɗanda za a tara a ba su takardar yabo. Suna arba'in da ɗaya. Na san Malama ta gama a bana, don haka tun kafin in fara bugawa na bi jerin da yatsa. Na bi sau uku. Na ɗauki takardar na shiga wurin ogana.

"Yallaɓai, an manta da suna ɗaya."

Ya duba, ya cire tabarau. "Ba mantuwa ba ce, Munira. 'Yar kwantiragi ce. Ba 'yar jiha ba ce, duk shekara biyu ake sabunta mata. A takarda ba ritaya take yi ba, kwantiraginta ne ya ƙare."

"Shekara talatin da uku, yallaɓai?"

"Ni ma 'ya'yana biyu ta koyar. Amma tsari ne, ba ni na yi shi ba."

Na koma na buga jerin yadda aka ba ni. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka ni jaruma ce. Suna arba'in da ɗaya na ba kowanne babban harafinsa, ban da na wadda ta koya mini yin hakan, kuma ban taɓa jin haushin hannuna irin na ranar ba.

Bayan kwana biyu na je gidanta da la'asar. Kwalaye a ɗaure ba su tsorata ni ba, turmi da taɓarya a ƙulle da igiya ma ba su tsorata ni ba. Abin da ya tsorata ni shi ne tsakar gidan babu bokitin tumatir ko ɗaya, duk ta rabar wa maƙwabta. Ta ce 'yarta Becky ta samo babbar mota daga Jos, ranar Asabar ta sama za ta zo. Na ce mu rubuta takardar koke, ni zan buga, ni zan kai da hannuna. Ta girgiza kai.

"Me na koya maka a kan harafin 'ni' na Bature? Ba a tashi wa kai, Munira."

"Malama, wannan daban ne."

"Ba daban ba ne." Ta zauna a kan kwali tana murza gwiwa. "Ba takardan yabo ne ya dame ni ba. Duk shekara biyu ina sa hannu a takarda da ya ce ni ba 'yar nan ba ne, ina dariya. Yanzu na tsufa, na fara yarda da takardan. Reuben ne kawai ban san yadda zan bar shi a nan shi kaɗai ba."

Na fito daga gidan ina kuka a titi, ni da 'ya'yana uku. Daga nan gidan Misbahu na nufa. Bai bar ni na gama ba ya ɗauko waya. Ba mu da zauren taro, ba mu da babban baƙo, ba mu da takardar yabo. Abin da muke da shi aji ne da allo, da lambobin mutane. Kowa muka kira sai ya kira wasu. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: ranar Alhamis, ranar rufe makaranta, kowa ya zo kafin ƙarfe tara, ya nemi wuri ya zauna ko a ƙasa ne, kuma in ta shigo kada wanda ya motsa. Ita kuwa Misbahu ya ce mata ta zo ta miƙa makullin kabad ta yi wa 'yan ajinta sallama.

Wanda bai ga harabar makarantar nan a safiyar Alhamis ɗin ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ma'aikatan jinya da fararen kaya, teloli, 'yan sanda biyu, direbobin adaidaita sun jera kekunansu a bakin titi, matan aure da goyo, wani lauya ya shimfiɗa jarida ya zauna a kan ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa. Maijidda ta sauke kaskon ƙosanta ta zo, ko da yake ba ta taɓa shiga aji ba. A cikin ajin manya sun cusa kansu a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. A bencin gaba kuma mahaifina ne. Tsakiyar damina ce, ana maimai, lokacin da manomi ba ya barin gona sai don jana'iza. Shekararsa saba'in da ɗaya, gwiwoyinsa sun ci shi har shekara biyu ke nan a zaune yake salla. Ban ce ya zo ba, labari kawai na ba Gwaggo Hassana. Tun da asuba ya sa aka ɗauko shi a babur.

Malama ta shigo da baƙar jakarta. Ta ratsa mutanen da ke zaune a harabar tana kallon fuskoki, tana kiran sunaye ƙasa-ƙasa, babu wanda ya motsa. Ta shiga ajin da shekara talatin da uku ake miƙe mata in ta shigo, nan ma babu wanda ya motsa. Na ga fuskarta ta canja, kuma na kusa ɓata shirin don tausayi. Ta tsaya a gefen tebur da makullin a hannu.

Na fita gaban allo. Na rubuta jimla ɗaya da Turanci, wadda ma'anarta ita ce Malama Zipporah Dung 'yar Dutse ce. Na ɗauki tsinken darbejiya na ɗora a kan sunan.

Ƙarar ta fara ne daga bencin ajin, ta fita ta taga, ta bi baranda, ta bazu har bakin titi. Mutum sama da ɗari uku suka miƙe, kuma babu wanda ya koma ya zauna. Na ƙarshen miƙewa mahaifina ne. Ya dafa sanda da hannu biyu, wani ya kai hannu zai taimaka masa ya ture, ya taso a hankali har ya tsaya.

Ita kuwa Malama sai ta waiwaya. Wallahi da idona na gani. Ta juya tana kallon ƙofa, ta ɗan matsa gefe tana gyara ɗankwali, don ta ba babban da ya shigo hanya.

"Malama," in ji mahaifina, "babu kowa a bayanki. Ni ma na taɓa dubawa."

Makullin ya faɗi daga hannunta. Ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta na girgiza, kuma ba ita kaɗai ba, har 'yan sandan nan biyu suna share ido. An daɗe a haka. Da ta buɗe fuska sai ta tsura wa allon ido, ta buɗe jaka, ta ciro gwangwanin madara, ta zaɓi alli.

"Munira, haka na koya maka?"

Ashe harafin farko na Dutse ya fito mini gajere, kusan kai ɗaya da sauran. Ta goge shi da gefen hannu, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta ja shi dogo har ya kusa taɓa saman allon.

"Garin mu ne," in ji ta. "A rubuta shi da tsawo. Ku zauna mana, ƙafan Baba na ciwo."

Ranar Juma'a da safe aka ga Maman Becky tana bin gidajen maƙwabta tana karɓo bokitan tumatirinta ɗaya bayan ɗaya. Maijidda ta hana nata, ta ce kyauta ba ta komawa, kuma har yau suna wannan shari'ar. Becky ta yi fushi a waya, daga baya da aka tura mata hoton ajin ta ce to a bar mata uwarta ko na Kirsimeti ne. Motar Jos ba ta zo ba. Takardar ofis ba ta canja ba, har gobe suna arba'in da ɗaya ne a cikinta, ba zan yi ƙarya ba. Amma yanzu duk Litinin da Laraba bayan la'asar, in ka bi ta layin Gwaggo Hassana za ka ji ƙarar kujerun tsugunno, matan aure goma sha tara suna tashi suna zama a gaban Malama. Gwaggo, mai shekara sittin da biyar, ta rubuta sunanta da hannunta a watan jiya.

Malama, gajeruwa mai dogon harafi, ke ce kika koya mana cewa sunan manomi da na mai mulki tsayinsu ɗaya a takarda. Ke ce kika sa 'yar ƙauye ta daina ɓoye sunan ubanta a ƙasan shafi. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya, ya raya miki Becky da jikokinki. Ki yafe mana da muka bari sai da kika ɗaure turmi sannan muka tuna.

Ku kuma malamai masu tasowa, ba lallai ne ku sa yara su riƙa tashi da zama ba, benci ma ya yi ƙaranci. Amma ku san sunan uban kowane yaro da na ƙauyensu, ku kuma faɗe su yadda yaron zai ɗaga kai. Sauran jama'a, a kowace unguwa akwai irinta, ungozoma ce ko mai shara ko wani tsohon malami, waɗanda ba za su taɓa tashi wa kansu ba. Kada ku jira sai kun ga an rabar da bokitan tumatir.

Ta ce ba a tashi wa kai, mun kuwa ji, shi ya sa aikin ya zama namu. Jerin da aka ba ni na buga shi babu ita, wannan shafin kuwa nawa ne. Zan rubuta sunan a layinsa shi kaɗai. Mai karatu, in ƙafarka lafiya take, ka san abin da ake yi.

Malama Zipporah Dung.